Rana Ba Ta Ƙarya: Tarihin Sa Ranar Aure a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Hausawa na cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar da ake nufi a wannan karin magana ita ce ranar biki, watau wadda dangin saurayi da dangin yarinya suka zauna suka tsayar, aka raba goro a kanta, gari kuma ya ji. Daga sa'ad da aka yi haka ranar ta fita daga hannun masu ita. Za ta zo ko an shirya ko ba a shirya ba, idan kuwa ta tarar da ɗakin amarya babu jere, uwar yarinya ce za ta sunkuyar da kai a gaban 'yan'uwanta mata.

Saboda haka sa rana babban mataki ne a cikin matakan aure. Yakan zo ne bayan an kai kuɗin na-gani-ina-so da na gaisuwar iyaye, an yi bincike, an kuma ba da yarinya. Wakilan saurayi, yawanci baffanninsa da wani dattijo na unguwa, sukan tafi wurin waliyyin yarinya da goro da alewa da 'yan kuɗi, su roƙi a sa musu rana. Saurayin ba ya zuwa, uban yarinya ma sau da yawa ba ya zama, sai ya wakilta wansa ko ƙanensa saboda kunya. Abin da wannan lacca za ta bi diddiginsa shi ne abin da dattawan nan ke dubawa kafin su buɗe baki su ambaci rana. Idan aka waiwayi tarihi za a ga lissafi iri uku ne suka bi juna a kan wannan al'amari, watau lissafin gona, da lissafin wata wanda ya zo tare da Musulunci, da lissafin ofis wanda ya zo tare da Turawa. Babu wanda ya kori ɗan'uwansa ɗungum a cikinsu. Amma a wurin sauyawa daga wannan zuwa wancan an juya wani tsohon tsari, kuma juyin nan shi ne tushen wahalar da gidaje da yawa ke sha a kan biki a yau.

Lissafin gona

Mafi tsufa a cikin ukun shi ne lissafin gona. Bahaushe ya kasa shekararsa ne bisa ruwan sama da amfanin gona: bazara, damina, kaka, hunturu da rani. Damina lokacin aiki ce, kuma ita ce lokacin da rumbu ke ƙasa, musamman a tsakiyarta kafin gero ya nuna. Magidancin da ke auna hatsi da tiya don ya kai iyalinsa bakin sabon gero ba shi da halin ciyar da baƙi kwana bakwai. Haka kuma ba zai so a ɗauke masa samarin gandu daga noman fari ko maimai don su tafi rakiyar amarya ba. Hanyoyi ma a damina sukan yanke, rafi ya cika, dangin da ke wani gari su kasa zuwa.

Da kaka ta yi sai al'amari ya juya. An yanke gero, dawa ta biyo baya, an ɗaure dammuna an kai rumbu, 'yammata sun tara 'yan kuɗin talla, samari kuma sun sayar da abin da suka noma a gayaunarsu. A wannan lokaci ne ake kalankuwa da kokawa da dambe, makaɗa da maroƙa su fito yawon gari gari, a wannan lokaci ne kuma ake yawancin bukukuwan aure. Maguzawa, waɗanda Joseph Greenberg ya zauna da su a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, su ma haka al'adarsu take, domin bikinsu ba ya yiwuwa sai da giya, giya kuwa sai da dawa.

A cikin wannan tsari ba a faɗin rana ɗaya tun da nisa. Amsar da dattawa kan ba masu neman aure ita ce a bari sai kaka, ko sai an shigar da dawa. Sai amfani ya shiga gida, kowane ɓangare ya ga abin da Allah ya hore masa, sa'an nan a sake zama a tsai da ainihin ranar. A nan ma akwai abubuwan dubawa. Akan so biki ya faɗo a farin wata, domin da dare ake gaɗa da kiɗa a dandali, da dare kuma ake kai amarya. Akan duba ranar kasuwar yankin, don a samu damar sayen goro da mai da nama kafin taro, a kuma aika wa dangi labari ta bakin 'yan kasuwa. Idan saurayi ɗan cin rani ne sai a jira komowarsa gab da faɗuwar ruwa. Idan kuwa gidan fatake ne masu zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar da kan ci watanni da yawa, to ranar biki tana rataye da ranar da ayari zai sauka. Shekarar da rumbu bai cika ba, kamar shekarar yunwar Kakalaba ta 1914, aure kan jira wata kakar, kuma ba a ɗaukar wannan abin kunya, tun da kowa ya ga dalili da idonsa. Ke nan a wancan zamani dukiyar biki ita ke fara zuwa hannu, rana ta biyo bayanta.

Lissafin wata

Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun kawo Musulunci birnin a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, addinin kuma ya daɗa kafuwa a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Tare da shi aka samu sabon ma'aunin lokaci. Sunayen kwanakin mako duka bakwai, daga Lahadi har Asabar, daga Larabci Hausa ta aro su. Watanni goma sha biyu na Hijira kuma suka shiga bakin jama'a har aka raɗa musu sunayen gida, irin su watan cika-ciki, da watan azumin tsofaffi, da watan ƙaramar salla da na babbar salla.

Abin lura shi ne shari'a ba ta ware wata rana ta ce lalle a cikinta za a ɗaura aure ba. Abin da littattafan Malikiyya irin su Risala da Muhtasar suka kawo shi ne lokutan da aure ba ya halatta saboda halin da mutum ke ciki. Ba a ɗaura wa mace aure tana cikin idda, wadda ga sakakkiya tsarki uku ce, ga mai takaba wata huɗu da kwana goma, ga mai ciki kuwa har ta haihu. Ba a ɗaura wa wanda ke cikin harami na hajji ko umra. Saboda haka ranar auren bazawara lissafinta daban ne da na budurwa, domin daga ranar da iddarta ta cika ake fara ƙirga. Bayan wannan sai abubuwan da aka so ba tare da an wajabta ba. Malamai da yawa sun so a ɗaura aure ran Jumma'a. Larabawan jahiliyya suna ƙin aure a watan Shawwal, sai ga shi ya tabbata a hadisi cewa a wannan watan ne Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya auri Nana A'isha, a cikinsa kuma ta tare. Shari'a ta kuma yanka wa amarya budurwa kwana bakwai, bazawara kwana uku, kafin miji ya koma rabon kwana, abin da mai mata fiye da ɗaya ba ya mantawa da shi idan za a sa masa rana.

Watan azumi shi ne ya fi kowane wata tasiri a kan sa rana. Aure a cikinsa halal ne, amma biki da cin abinci da rana ba sa haɗuwa da azumi, saboda haka jama'a suka saba su yi gaggawar gamawa a Rajab da Sha'aban, ko kuwa su ɗaga zuwa bayan salla. Gwauro ma yakan so azumi ya same shi da mai dafa masa abin buɗa baki, ya huta da tsiyar 'yan tashe. Sai dai shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza shekarar rana da kamar kwana 11, don haka azumi yana zagaya dukan yanayin shekara a cikin misalin shekara 33. Alal misali, a 1970 azumi ya faɗo ne a watan Nuwamba, tsakiyar kaka. A 1980 ya kama a watan Yuli, tsakiyar damina. A 2024 kuwa a watan Maris. Duk shekarun da azumi ya zauna a kan kaka, manomi kan samu kansa tsakanin lissafi biyu: kafin azumi dawa ba ta shiga gida ba, bayan salla kuma hatsin biki ya ragu. Dattijon da ya iya sa rana shi ne wanda ya iya daidaita waɗannan biyun.

Malaman hisabi da masu jihadi

Akwai wani ilmi da ya shigo ta hannun malamai wanda ya wuce abin da fiƙihu ya tanada, shi ne hisabi. Ɓangare ɗaya nasa lissafin yanayi ne zalla, watau taurari 28 da wata ke sauka a cikinsu, kowanne da kwana 13, waɗanda manoma ke bi don sanin lokacin shuka da ɗaukewar ruwa. Ɗaya ɓangaren kuwa shi ne na neman sa'a. Malami kan ɗauki sunan saurayi da na yarinya, ya mai da haruffansu lambobi bisa lissafin abajada, ya tara, ya yi ta zubarwa har ya ga abin da ya saura, sa'an nan ya faɗi ko taurarinsu sun dace, da kuma ranar da ta fi musu. A wannan ilmi kowace rana ta mako tana da tauraronta. Alhamis ta Mushtari ce, Jumma'a ta Zahra, su ne ake ɗauka masu sa'a. Talata ta Mirrihu ce, Asabar ta Zuhalu, su kuwa ana ɗaukarsu masu nauyi, Zuhalu ma shi ne babban nahisa a wurinsu. Littattafan hisabi sukan kuma lissafta kwana bakwai a kowane wata da ake gudu, watau 3 da 5 da 13 da 16 da 21 da 24 da 25 ga wata. Ga kuma Larabar ƙarshen wata, musamman ta watan Safar, wadda ake kira Larabgana.

Wannan ilmi ya yi zurfi a ƙasar Hausa ƙwarai. Shaida a kan haka ita ce Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, malamin da ya tashi daga Katsina ya yi hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741. Littafinsa Durrul Manzum, a kan taurari da ɗalasimai, ya shahara a wurin malaman Masar kansu.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, 1754 zuwa 1817, ya tarar da al'adar zaɓen rana ta game ƙasa, ya kuwa yi mata kakkausan suka. A cikin Nurul Albabi ya lissafta camfa ranaku, a ce wannan mai kyau ce waccan mummuna, a cikin bala'o'in da suka mamaye ƙasashen Hausa, ya hukunta shi da cewa ƙarya ne kuma bidi'a, kamar yadda ya hukunta bugun ƙasa da neman sanin gaibu ta hanyar taurari. Masu jihadi ba su yar da lissafin taurari na sanin yanayi ba; abin da suka ƙi shi ne a jingina wa rana ko tauraro ikon gyara aure ko ɓata shi, alhali ga istihara da shari'a ta koyar. Duk da haka al'adar ba ta mutu ba. Ta dai koma ta bayan gida, inda dattawa maza za su sa rana a zaure, wata gwaggo kuma ta riga ta aika wa malaminta ya duba. Wa'azin Shaihu Abubakar Gumi a rediyo, da kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, sun sake tayar da wannan tsohuwar muhawara, wadda ta girmi jihadin 1804.

Lissafin ofis

Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, suka zo da kalandarsu da kuɗinsu da harajinsu. Da farko ma sabon zamanin ƙarfafa lissafin gona ya yi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, manomi ya fara ganin tsabar kuɗi a dunƙule sau ɗaya a shekara. Kakar gyaɗa, da kakar auduga a ƙasashen Zazzau da Katsina ta kudu da Gusau, suka zama lokacin sayen lefe da kwanonin jere da gadon ƙarfe. Sai dai a daidai wannan lokaci ne dagaci ke bi gida gida neman haraji, saboda haka magidanci sai ya fid da na Gwamna tukuna kafin ya san abin da ya rage na biki. Haka aka yi ta yi har fari na 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe dalar gyaɗa, harajin kansa kuma gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke shi a 1979.

Babban sauyi ya zo ne ta hannun ma'aikaci. Malamin makaranta da akawun En'e da ma'aikacin reluwe ba su da rumbu, albashi suke jira a ƙarshen kowane watan Turawa, kuma ba su da ikon barin aiki sai da izini. Ranar aurensu sai ta koma bin ƙarshen wata, da hutun shekara, da hutun makaranta. Da ilmin 'ya'ya mata ya yaɗu, musamman bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, sai amsar iyaye ta tashi daga sai kaka ta koma sai ta gama makaranta. Kiristocin Hausawa masu ɗaura aure a ƙarƙashin dokar aure ta gwamnati kuwa doka ce ta yanka musu lokaci, domin sai sanarwa ta yi kwana 21 a ofishin rajista, kuma a ɗaura kafin wata uku su cika.

Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya da bashin watanni a farkon 1975, sun ɗaga darajar lefe da kayan ɗaki zuwa inda manomi ba ya iya kaiwa, ma'aikacin ma da ƙyar. Kwanakin biki suka taƙaita don su shiga cikin hutun ƙarshen mako, ɗaurin aure ya tattaru a bayan sallar Jumma'a da safiyar Asabar da Lahadi. A nan akwai abin mamaki: Asabar, ranar Zuhalu, wadda malaman hisabi suka fi gudu, ita ce ta zama ɗaya daga cikin manyan ranakun ɗaurin aure a birane. Abin da wa'azi ya daɗe yana fama da shi, ranar hutun ofis ta yi shi ba tare da hayaniya ba. Katin gayyata kuma ya ƙara ɗaure rana, domin abin da aka buga a takarda aka rarraba ya fi maganar baki wuyar warwarewa. Daga baya aka samu ɗakunan taro na haya, waɗanda sai an biya kuɗinsu watanni kafin biki, har ta kai wani lokaci mai ɗakin taro ake fara tambaya kafin a tambayi waliyyi.

Hukuma ma ta sa hannu. A watan Mayu na 2012 gwamnatin Jihar Kano, ta hannun Hukumar Hisba, ta aurar da zawarawa 100 a rana ɗaya, a ranar 13 ga Oktoba 2023 kuma aka ɗaura aure 1,800 a irin wannan shiri. A irin wannan aure gwamnati ce ke sa rana, domin ita ce ta ɗauki nauyin sadaki da kayan ɗaki. A watan Afrilu na 2020 dokar kulle saboda annobar korona ta sa gidaje da yawa a Kano suka ɗaga biki, wasu kuma suka ɗaura aure da mutane kaɗan suka kai amarya ba taro. A 2024 jihar ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta sa takardar asibiti ta shiga cikin abubuwan da ake kammalawa kafin ranar ta zo.

Kammalawa

Idan aka haɗa waɗannan zamunna za a ga ƙa'ida ɗaya ba ta sauya ba, ita ce duk inda dukiyar biki ke fitowa, can ne ake sa rana: rumbu a zamanin gandu, sikelin gyaɗa a zamanin Turawa, baitulmali a auren gwamnati. Abin da ya sauya shi ne wanda ke gaba tsakanin dukiyar da ranar. Manomin dā sai ya ga dammunansa sa'an nan ya ambaci rana. Ma'aikacin yau kuwa yakan karɓi rana tukuna, wata shida ko shekara guda, sa'an nan ya shiga neman abin da zai cika ta da shi, ta hanyar adashi da rancen ofis da bashin 'yan kasuwa, yana dogara da albashin da bai zo ba da farashin da ba shi da iko a kansa. Wanda aka sa wa rana a farkon 2023 ya ga misalin wannan, domin bayan janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na shekarar, kuɗin da aka ƙiyasta na gado da katifa da akwatunan lefe bai ƙara isa ba. Daga nan ne ake samun ɗaga rana sau biyu ko uku, da zargi tsakanin surukai tun ba a haɗu ba, wani lokaci har a mai da kayan sa rana a fasa. Inda aka daure aka yi bikin kuma, ango da uban amarya sukan shekara suna biyan bashin kwana uku.

Shari'a ba ta nemi wannan ba, domin mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, walima kuma gwargwadon hali. Al'adar gargajiya ma ba ta nema ba, tun da ita ce ta ba dattawa damar su ce a bari sai an ga abin da kaka ta kawo. Ɗaliban da za a sa wa rana nan gaba kaɗan, da ma'aikatan da za a zo neman 'ya'yansu, suna da abin koyi a wurin waɗancan dattawa masu zama biyu: zama na fari a ambaci lokaci, na biyu kuma, bayan kowane gida ya ƙirga abin da ke hannunsa, a tsai da rana a raba goro.